Daga Jidda zuwa Dutsen Sauda ni da uwargida: amsoshin tambayoyin da ake ta yi mana

Tun da muka dawo daga Abha, duk wanda ya gan ni a ƙofar masallaci ko wajen ɗaurin aure sai ya ja ni gefe da tambaya, ita ma uwargida haka mata suka sa ta gaba. Shekarunmu goma sha huɗu a Jidda, amma kafin wannan tafiya ban taɓa kai ta wani wuri ba in ka cire Makka da Madina. Yawancinmu haka muke: aiki, hidimar alhazai, aika kuɗi gida, shekara ta zagayo. Na tattara tambayoyin a nan don wanda ke da niyya ya san abin da zai tarar.

Wai ina ne ma wannan gandun dajin, kuma me ke cikinsa?

Gandun Dajin Asir yana kudu maso yammacin Saudiyya, a kewayen birnin Abha. An buɗe shi a 1981, shi ne gandun daji na ƙasa na farko a masarautar. Kada ka sa ran ƙofa ɗaya da katanga kamar gidan zu. Wurare ne da dama a warwatse bisa tsaunukan Sarawat, mafi shahara a cikinsu Sauda, sai Dalagan da Ƙar'a. Abha kanta tana sama da mita 2,200 daga doron teku, Dutsen Sauda kuwa ya kai kimanin mita 3,000.

Wanda ya san Yankari ya cire giwa da ɓauna daga ransa. Abin da ake zuwa gani a nan shi ne dutse, da bishiyoyin ar'ar masu duhun ganye, da sanyi a tsakiyar bazarar Larabawa, da kuma gajimare. Za ka tsaya a bakin gaɓa ka leƙa ƙasa wajen Tihama, wato filin da ke tsakanin tsaunukan da Bahar Maliya, ka ga gajimare a ƙarƙashin ƙafarka yana hawowa kamar hayaƙin ɗanyen itace. Da ya iso kanmu uwargida ta kama hannun rigata ta ce, "Malam, ashe akwai irin wannan a ƙasar nan muke zaune cikin gumi?" Ban iya ba ta amsa ba, tasbihi kawai na yi.

Wace hanya kuka bi?

Hanya biyu ce daga Jidda, kuma shawarata a tafi ta ɗaya a dawo ta ɗayar.

Ta dutse ita ce muka bi a tafiya. Daga Jidda zuwa Makka, a hau hanyar dutsen Hada zuwa Ɗa'if, daga nan a kama hanya mai lamba 15 da ke bin ƙashin bayan tsaunuka: Baha, Baljurashi, Namas, Tanuma, sai Abha. Daga Ɗa'if zuwa Baha ya haura kilomita 200, daga Ɗa'if zuwa Abha gaba ɗaya ya haura 500. A takarda kamar ba wani abu ba ne, amma kilomitar dutse ba ɗaya take da ta fili ba. Kwana ne bayan kwana, ga garuruwa da danja da tudun rage gudu. Idan an rufe Hada saboda ruwa ko gyara, wanda yakan faru, sai a bi ɗaya hanyar Ɗa'if, wato ta Sail.

Ta bakin teku kuwa ita ce mai lamba 5: Jidda, Lis, Ƙunfuza, sannan a karkata gabas ta Muhayil a hau hanyar dutse ta Aƙabar Sha'ar, wadda aka huda mata duwatsu, a ɓullo Abha. Ya ɗan wuce kilomita 600, mutum zai iya cinye ta cikin awa bakwai zuwa takwas. Miƙaƙƙiya ce, mai zafi, mai sa gyangyaɗi. Ita muka bi a dawowa, lokacin da idanunmu sun riga sun ƙoshi.

Ana iya yin ta dutsen a yini ɗaya?

Ana iyawa, amma ba na ba kowa wannan shawarar, balle mai tafiya da iyali. Mu a Baha muka kwana. Mun bar Jidda bayan asuba, muka karya a Ɗa'if, muka isa Baha kafin la'asar, har muka samu lokacin shiga dajin Ragadan. Washegari muka ɗauki sauran a hankali, muna tsayawa duk inda ɗayanmu ya ce a tsaya.

Tun daga gida muka yi wannan yarjejeniya, kuma ita ce ta gyara mana tafiyar. Mu maza muna da wata ɗabi'a in mun kama sitiyari: lissafin awa kawai muke, kamar wanda zai kai haya. Mace ta ce a tsaya ta ga wata gona, sai a ce mata "bari mu ƙarasa tukuna". To ƙarasawa ina? Abin da ka fito nuna mata shi ne wanda kake wucewa da gudu. Tsakanin Namas da Tanuma mun tsaya ya fi sau biyar. A wani wuri gonaki ne da aka sassaƙa a jikin dutse hawa-hawa kamar matakala, kowace da ɗan ginin duwatsu yana riƙe mata ƙasa, wani dattijo yana ciki da fartanya. Uwargida 'yar manoma ce, ta daɗe tana kallonsa. Ta ce rabonta da jin ƙanshin jiƙaƙƙiyar ƙasa tun damina ta ƙarshe da ta yi a gidansu. Da na bi lissafin awa da ban ji wannan maganar ba.

Wane lokaci ya fi dacewa?

Mutanen ƙasa suna tururuwa can ne a hutun makaranta, daga ƙarshen Yuni zuwa Agusta, lokacin da Jidda da Riyad ke tafasa. Abha a lokacin da rana ba ta cika wuce digiri 30 da ɗan wani abu ba, da dare kuwa har bargo ake ja. Amma a lokacin ne masauki ke tsada, hanyar Sauda ta cunkushe, ga ruwan sama da yamma, wani lokaci har da ƙanƙara. Wanda aikinsa zai bar shi, ya je a Satumba bayan an koma makaranta, ko kuma wajen Afrilu zuwa Mayu. A Afrilu ana tsinkar furen wardi a Ɗa'if, a Abha kuma bishiyoyin jakaranda suna fitar da fure mai ruwan shuni. A hunturu sanyin dare na gaske ne, hazo kuma ya fi yawa.

A guji Alhamis da Juma'a da Asabar in da hali.

Waɗanne takardu ake buƙata?

Iƙama (katin izinin zama) mai rai ta kowannenku, lasin tuƙi, istimara (takardar rajistar mota), inshora, da shaidar gwajin mota na shekara. Idan motar ba da sunanka take ba, ko ta kafili ce (wanda iƙamarka ke ƙarƙashinsa) ko ta ɗan'uwa, mai ita ya yi maka tafwid, wato izinin tuƙa ta, ta manhajar gwamnati ta Absher kafin ka tashi. Wanda ya zo da bizar Umara, tun 2022 an ba da damar zagaya sauran garuruwan ƙasar da ita, sai dai a tabbatar da wakilin da ya kawo mutum kafin a kama hanya, a kuma riƙe fasfo.

Akwai maganar da dole in faɗa a fili, domin na san halin da wasu 'yan'uwanmu ke ciki. Hanyoyin kudu suna da shingayen bincike, sun fi na sauran wurare yawa saboda kusanci da iyakar Yaman. Wanda iƙamarsa ta mutu, ko ta matarsa, ya haƙura da wannan tafiya har ya gyara. Kuma kada ka ɗauki wanda ba ka sani ba a hanya don tausayi, ko da ya yi maka Hausa. Ɗaukar wanda ya shigo ƙasa ba bisa ƙa'ida ba laifi ne babba a dokarsu. In tausayi ya kama ka, ba shi ruwa da abinci.

A masauki suna neman takardar aure?

Mu iƙama kawai aka nema, tunda tata tana ƙarƙashin tawa. Wanda matarsa ke ƙarƙashin wani kafilin daban, ya ajiye hoton takardar aure a waya.

Otal ko shaƙƙa?

Shaƙƙa mafrusha, wato ɗaki da falo da kicin da ake haya na kwanaki, ta fi mana. Kuna iya dafa abin da kuka saba, ku yi shayi da asuba ba tare da jiran kowa ba. Amma a shiga a gani da ido kafin a biya. A wata shaƙƙa da muka kama ta waya, hoton daban, ɗakin daban: ruwan zafi ba ya aiki, bargo ɗaya, mai karɓar baƙi kuma ya ce kuɗi ba ya dawowa. Muka kwana a haka, da safe muka canza. Tun daga ranar abu uku nake dubawa: na'urar ɗumama ruwa, bargo, da ko taga tana rufuwa sosai. A Jidda na'urar sanyaya ɗaki muke tambaya, a can ruwan ɗumi na alwalar asuba ne abin nema.

Motata ƙarama ce, za ta iya?

Za ta iya. Duk wuraren da na ambata kwalta ce. Abin dubawa shi ne lafiyarta. Ka kai wa bakanike ya duba takalman birki da man birki, lagireto, taya huɗu da safaya, da waifa. Waifar da ta shekara tana gasuwa a ranar Jidda ba tare da ta share ruwa ko sau ɗaya ba, robarta ta bushe, ranar da kake buƙatarta sai ta yi ta shafa maka laka a gilashi.

Me ya fi haɗari a hanyar?

Gangara da hazo. A nan nake so a tsaya a karanta da kyau.

Hanyoyin da ke sauka daga saman dutse zuwa Tihama su ake kira aƙaba. Wadda ta fi ba ni tsoro ita ce Aƙabar Samma, daga Sauda zuwa Rijal Alma. Ƙasa kake gangarawa ba ƙaƙƙautawa, kwana na naɗe kan kwana kamar rawani. Wanda ya saba tuƙin fili zai ɗora ƙafa kan birki ya bar ta a can, kuma haka na yi da farko. Ba mu yi rabin gangarar ba uwargida ta ce, "Malam, ba ka jin ƙauri?" Na taka birki na ji ya yi laushi, yana nutsewa fiye da yadda na san shi. Allah Ya sa akwai ɗan fili a gefe, na raɓe na tsaya. Tayoyin gaba suna fitar da zafi kamar murhu. Wani bawan Allah mai motar ɗaukar kaya ya tsaya, ya hana ni zuba musu ruwa, ya ce ƙarfen zai iya lanƙwashewa. Muka zauna kusan minti arba'in har suka huce. Shi ne ya nuna mini in sa giya ta biyu, wani wuri ta ɗaya, in bar inji ya riƙe motar, birki kuwa a taka shi a saki. Motar da ba ta da kuloci ma tana da wannan, ko L ko 2 ko alamar ragi a jikin giyar. Ka nemo shi tun kana ƙofar gidanka, ka gwada. Injin zai yi kuka sosai, wannan ba matsala ba ce.

Hazo kuwa, wanda suke kira dabab, ba irin na hunturunmu mai ƙura ba ne. Gajimare ne ke zama bisa kwalta. Cikin minti biyar sai ka daina ganin motar da ke gabanka. Kunna ƙaramar fitila, domin babbar tana dawo maka da haske cikin ido. Rage gudu, bi farin layin gefe, kada ka wuce kowa, kuma kada ka tsaya a kan hanya sai ka samu wurin da za ka fita daga kwalta gaba ɗaya. Ya fi sauka da yamma da dare, shi ya sa muka sa wa kanmu doka: magariba ta same mu a masauki.

Idan an yi ruwa, kada ka ratsa kwari mai gudu komai ƙanƙantarsa, kada kuma ku shimfiɗa tabarma a cikin busasshen kwari. Ruwan da aka yi a saman dutse yana iya isowa inda ko ɗigo bai sauka ba. A hanyar teku kuma raƙuma ne abin tsoro da dare.

Lambobin da za a ajiye: 911 a yankin Makka, 996 jami'an tsaron manyan hanyoyi, 997 motar asibiti, 998 'yan kwana-kwana. Idan karo ne ba rauni kuma akwai inshora, kamfanin Najm mai duba haɗarin mota ake kira. Kyamarorin Sahir masu kama laifin tuƙi suna ko'ina, har da na bel da na riƙe waya.

Uwargida ta taɓa sitiyari?

Ta tuƙa daga Ƙunfuza har kusa da Lis, na samu na runtsa. Tun 24 ga Yunin 2018 mata ke tuƙi a ƙasar nan, kuma tana da lasinta. A tabbatar inshorar motar ta haɗa da ita.

Gaskiya ne birai suna ƙwace kaya?

Gaskiya ne. Gwaggon biri ne, garke-garke, tun daga Hada har Sauda. Sun saba da mutane har sun san ƙarar leda. A Ragadan wani babban namiji mai furfurar kafaɗa ya diro kan tabarmarmu, ya sunkuci ledar burodi, ya koma kan katanga yana ci yana kallonmu. Kada a yi kokawa da su, cizonsu mugu ne. A rufe gilashi in an tsaya, kada yaro ya riƙe abinci a hannu. Kuma don Allah a daina jefa musu abinci daga mota. Hukuma ta hana, akwai tara, kuma wannan ciyarwar ce ta fito da su daga daji ta zuba su bakin titi suna bara.

Ana iya hura wuta a gasa nama?

A wuraren da aka tanada kawai. Kunna wuta a inda ba a yarda ba tararsa tana kaiwa riyal 3,000, kuma akwai jami'an tsaron muhalli da ke zagayawa. Sare reshe ko tsintar itacen wurin don girki shi ma laifi ne. Ar'ar bishiya ce mai jinkirin girma, za ka ga da yawa sun bushe a tsaye. Mu ɗan risho na gas muka ɗauka, da fulas, da kula. Abin da ya ɓata mini rai shi ne ledoji da robobin ruwa da na gani a ƙarƙashin bishiyoyi a wurin da kwandon shara ke taku goma. Mun kwashe namu, mun ƙara da na waɗanda suka riga mu.

Wani abu kuma: tun 2021 aka kafa kamfanin raya Sauda, a 2023 aka sanar da babban aikin gine-gine a saman dutsen, don haka ana rufe wasu sassa, har da motar igiya da suke kira talfarik. Ka tambayi mai masaukinka abin da ke buɗe a ranar.

Bayan gandun, ina kuma ya kamata a je?

Rijal Alma, ko da ita kaɗai ce. Ƙauye ne mai nisan kimanin kilomita 45 yamma da Abha, a kan tsohuwar hanyar fatake da alhazai daga Yaman zuwa Makka. Gidajen benaye ne na duwatsu, wasu hawa biyar wasu fiye, an yi musu ado da farin dutse a jikin baƙi, tagogi kuma launi-launi. Mutanen garin da kansu suka mayar da ɗaya daga cikin gidajen gidan tarihi a 1985. A ciki za ka ga zanen bango da ake kira Ƙaɗɗul Asiri, layuka da kusurwoyi cikin ja da kore da rawaya da shuɗi a kan farin bango. UNESCO ta sa shi cikin gadon al'adun duniya a 2017. A wajenmu zanen gidajen Zariya da Kano aikin magina maza ne, a nan kuwa mata ne ke yi, uwa ta koya wa 'ya. Uwargida ta ce ya tuna mata da jeren kwalla da tasoshin ɗakin kakarta, yadda mace ke nuna gwanintarta a bangon ɗakinta. Ta fi awa guda a ɗaki ɗaya.

A cikin Abha akwai Kasuwar Talata, inda ake samun zuma da turare da kayan saƙa, mata da yawa ne ke sayarwa. A yankin Baha, in an sauka wajen Mikhwa, akwai ƙauyen Zi Ain da aka gina kan farin dutse. A gangaren Tihama za ka haɗu da maza sanye da kambun fure da ganye mai ƙanshi a ka, al'adarsu ce tun kaka da kakanni. A nemi izini kafin a ɗauki hoton kowa, musamman mata. Can ƙasa kuma dawa da gero ake nomawa, za ka rantse a wani ƙauyen Katsina kake.

Me za a ci?

Hanis, naman da ake gasawa a rami a rufe, Muhayil ta yi suna a kansa. Da safe arika, gurasar alkama da aka murje da dabino, aka kwarara mata man shanu da zuma. Mutum biyu su sayi ta mutum ɗaya, tana da nauyi. A bakin hanyar Ɗa'if da Baha ana sayar da rumman da barshumi, 'ya'yan wata shuka mai ƙaya, a lokacinsu. Zumar da suke kira sidir, zumar kurna ce, tana da tsada, kuma ba duk ta bakin titi ce ta gaskiya ba. Mun tafi da yajinmu da ɗan kilishi, ba mu yi nadama ba.

Yaya batun salla?

Masallatai suna kowane gidan mai, da ɓangaren mata. Tafiyar ta wuce nisan ƙasaru nesa ba kusa ba, wanda a mazhabarmu ta Malikiyya mil 48 ne, kimanin kilomita 80 da 'yan kai. Idan kun yi niyyar zama kwana huɗu cikakku a wuri ɗaya, sai ku cika. Wanda ke son ya rufe tafiyarsa da Umara, miƙati yana kan hanyarsa ko ta ina ya dawo: Yalamlam a hanyar teku, Ƙarnul Manazil a Sail, ko Wadi Muhrim in ta Hada zai sauko. A sa harami cikin jaka tun daga gida.

Nawa za a tanada?

Mai ba shi ne matsala ba. Tafiya da dawowa da yawon cikin gari, ka lissafa kilomita 1,500. Motar da ke shan lita 8 a kilomita 100 za ta sha lita 120, kuma tun 2021 litar mai lamba 91 tana riyal 2.18, ka ga bai kai riyal 300 ba, ko da hawan dutse ya ƙara mata ƙishi. Masauki ne ke cin kuɗi, kuma farashinsa a Agusta da na Satumba ba su haɗa hanya ba. A ware wani abu na gyaran mota, a riƙe tsabar kuɗi kaɗan don masu sayarwa a bakin hanya.

A tafi da yara ko a bar su?

Mu mun bar namu wajen ƙanwar uwargida, kwana biyar. Wasu sun ga baƙon abu ne, har wata dattijuwa ta tambaye ta ko lafiya. Lafiya lau. A cikin motar nan mun yi hirar da muka shekara ba mu samu sukunin yi ba: karatun babbar 'yarmu, ginin da muka fara a gida ya tsaya, mahaifiyarta da ke ta tsufa ba ma kusa. Wanda zai tafi da yara ya tanadi maganin amai saboda kwane-kwane, da rigunan sanyi, kuma ɗan ƙasa da shekara 10 ba ya zama a kujerar gaba. A bakin gaɓa a riƙe hannunsu gam, ba ko'ina ne ke da shinge ba.

Za ku koma?

In Allah Ya kai mu Afrilu, kuma wannan karon da yaran. Uwargida ta ce a Tanuma take so mu kwana biyu, domin wancan karon wucewa muka yi tana ta waiwaye. Na riga na canza takalman birki.